Shin Manchester United ce ta dusashe tauraruwar Shinji Kagawa, ko shi ne ya yi gaggawar barin Dortmund?

Ɗan_Fagge

Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da muka daɗe muna ja-in-ja a kanta da abokaina ba tare da mun cimma matsaya ba, shi ya sa na kawo ta nan domin masana tamaula su sa baki. Magana ce ta Shinji Kagawa, ɗan wasan Japan da ya bar Borussia Dortmund ya koma Manchester United a 2012. A ganina, cikin duk 'yan wasan da United ta saya a shekarun nan, babu wanda ta yi wa asarar baiwa irin wannan bawan Allah. Ya zo mata yana da shekara 23, ya ɗauki kofin Bundesliga sau biyu a jere, ya zura ƙwallo 13 a gasar a kakarsa ta ƙarshe, kuma shi ne ya fara jefa ƙwallo a ragar Bayern Munich a wasan ƙarshe na kofin Jamus da Dortmund ta ci 5-2 a Berlin, Sir Alex Ferguson, kocin United na lokacin, yana zaune cikin 'yan kallo. Shekara biyu kacal bayan haka aka mayar da shi inda aka ɗauko shi a kan kusan rabin kuɗin da aka saye shi, kuma tun daga nan bai sake taka matsayinsa na da ba. To, laifin wane ne? Na kulob ɗin ne da bai san abin da ya saya ba, ko nasa ne da ya bar inda ake sonsa?

Sarkin_Benci

Wa alaikumus salam. Wannan tambaya ba ta buƙatar dogon bincike, domin sunan mai laifin David Moyes, kocin da ya gaji Ferguson a United. A kakar 2013/14 Kagawa bai ci ko ƙwallo ɗaya ba a gasar Firimiya, kuma duk wanda ya kalli wasannin ya san a gefen hagu ake jefa shi idan an ga dama, idan ba a ga dama ba ya wuni a benci.

Malam_Tudunwada

Malam Sarkin_Benci, ɗora wa Moyes laifi abu ne mai sauƙi saboda kowa ya riga ya tsane shi, amma matsalar ta girmi zuwansa da shekara guda. An sanar da cinikin Kagawa ne a watan Yuni na 2012, kuma tsarin da kowa ya fahimta a lokacin shi ne Wayne Rooney zai tsaya a gaba, Kagawa ya tsaya a bayansa a matsayin lamba goma, kamar yadda yake tsayawa bayan Robert Lewandowski a Dortmund. Sai ga shi a watan Agusta dama ta samu ta ɗauko Robin van Persie daga Arsenal a kan fam miliyan 24, Ferguson kuwa bai yi wata-wata ba, domin Manchester City ta ƙwace masa kofi a kakar da ta gabata da bambancin ƙwallaye kawai. Daga ranar da Van Persie ya sa hannu, gurbin gaba ya zama nasa, Rooney ya dawo baya ya mamaye gurbin da aka sayo Kagawa dominsa, shi kuma aka tura shi gefe. Saboda haka tun kafin ya buga wasansa na farko da Everton, kujerarsa ta riga ta samu mai ita.

Ba na zargin Ferguson a kan wannan, tunda Van Persie ya ci ƙwallo 26 a gasar kuma kofin ya dawo Old Trafford. Abin da nake cewa shi ne, shawarar da ta amfani kulob ita ce ta cutar da Kagawa. Sannan aka ƙara masa da raunin gwiwar da ya samu a wasa da Braga a watan Oktoba, wanda ya ajiye shi kusan wata biyu, daidai lokacin da ya kamata ya saba da abokan wasansa.

Baban_Khalifa

Ni magoyin bayan United ne tun zamanin Cantona, kuma ba zan yarda a ce mun kashe kowa ba. Mutumin nan ya zo mana ya ɗauki kofin Firimiya a kakarsa ta farko, abin da manyan 'yan wasa da yawa suka yi ritaya ba su samu ba. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce jikinsa bai dace da ƙwallon Ingila ba. Da zarar ɗan baya ya sa masa kafaɗa sai ka ga ƙwallo ta rabu da shi, kuma idan wasa ya yi zafi sai ya ɓace a fili kamar ba ya ciki. David Silva ma ba shi da girman jiki, kuma shi ma a gefe Manchester City ta riƙa sa shi sau da yawa, amma ya tilasta wa wasa ya bi ta ƙafarsa. Ɗan wasan da ya isa, ko ina aka ajiye shi sai an san yana nan.

Bazazzage77

Alhaji Baban_Khalifa, ina girmama shekarunka a wannan harka, amma ka tuna ranar 2 ga Maris, 2013, wasan Norwich. A gidan kallon unguwarmu na kalle shi, kuma har yau ina tuna ƙwallo ta biyu. Rooney ya ja 'yan baya ya miƙo masa ita a tsakiyar da'ira, duk muka miƙe muna jiran ya narka ta da ƙarfi, sai kawai ya buɗe ƙafa ya gangara ta a hankali zuwa ɗaya kusurwar, mai tsaron gida da ɗan baya duk sun riga sun tafi wancan ɓangaren. Wani dattijo da ke zaune a bencin gaba, wanda ba ya goyon bayan kowa sai Arsenal, ya juyo ya ce mana wannan yaron da ƙwaƙwalwa yake buga ƙwallo. Ta ukun kuma ɗaga ta ya yi ta saman mai tsaron gida. Ranar ce ya zama ɗan nahiyar Asiya na farko da ya ci uku rigis a wasa ɗaya a gasar Firimiya.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne abin da ya biyo baya. Kwana uku bayan haka aka buga wasa na biyu da Real Madrid a gasar Zakarun Turai, wasan da aka ba Nani jan kati, kuma mutumin da ya ci ƙwallo uku ranar Asabar bai taka fili ba ranar Talata. Idan haka ake yi wa ɗan wasa, ta yaya zai tilasta wa wasa ya bi ta ƙafarsa?

Baban_Khalifa

Rooney ma a benci ya fara wancan wasan, ƙanena, kuma babu wanda ya ce an kashe shi. Norwich kuwa ba ma'auni ba ce.

Na_Maraɗi

Ina bin wannan muhawara da sha'awa, ko da yake mu a nan gasar Faransa aka fi kallo. Na ji ana cewa Kagawa ne ɗan Japan na farko da ya ci kofi a Jamus da kuma Ingila. Haka abin yake?

Maman_Hanifa

Malam Na_Maraɗi, rabin maganar ce daidai. A Ingila, shi ne ɗan Japan na farko da ya ɗauki kofin gasar Firimiya yana cikin waɗanda suka buga wasanninta a kakar. Junichi Inamoto yana Arsenal a matsayin aro lokacin da ta ci gasar a 2002, amma bai buga ko wasa ɗaya na gasar ba. Bayan Kagawa ne Shinji Okazaki ya ɗauka da Leicester a 2016, Takumi Minamino kuma da Liverpool a 2020. A Jamus kuwa an riga shi da nisa, domin Yasuhiko Okudera ya ci Bundesliga da kofin Jamus tare da FC Köln tun 1978, sannan Makoto Hasebe ya ci gasar da Wolfsburg a 2009. Abin da Kagawa ya bambanta da shi shi ne, ba ɗan rakiya ba ne a ƙungiyar da ta ci kofin, ta kansa hare-haren suke bi.

Ɗan_Zango_Ruhr

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ɗan Kumasi ne amma a yankin Ruhr na Jamus nake zaune, kuma ina nan lokacin da ya zo a 2010, saboda haka bari in gaya muku yadda abin yake daga wannan gefen. Lokacin da aka ce Dortmund ta ɗauko wani yaro daga Japan a kan Yuro 350,000, abokan aikina Jamusawa dariya suka yi, domin kuɗin bai kai albashin wata guda na wasu taurarin Turai ba. Abin da ya sauya komai shi ne wasan hamayya da Schalke a watan Satumba na wannan shekarar. Wanda bai zauna a nan ba ba zai gane nauyin wannan wasa ba. Dortmund da Gelsenkirchen, garin Schalke, suna kusa da juna, ma'aikata a masana'anta ɗaya suna rabuwa gida biyu, kuma wanda aka ci zai sha gori har wata shida. Kagawa ya je gidan Schalke ya zura biyu, Dortmund ta ci 3-1. Daga ranar ya zama ɗan gida.

A filin Dortmund akwai ɓangaren kudu inda mutum kusan 25,000 ke tsayuwa a kan ƙafafunsu daga farkon wasa har ƙarshe, kuma suna da waƙar da suke rera sunansa, suna fara kiran Kagawa sannan Shinji, kamar yadda Japanawa ke jera suna. Ko bayan ya tafi Ingila ba su daina ba. A 2013, da suka ga yadda yake zaman benci, magoya baya suka tayar da gangami a intanet suna neman a sako musu Shinji, Jürgen Klopp, kocin Dortmund na lokacin, da kansa kuma ya faɗa wa wata jaridar Ingila cewa ganin ana sa shi a gefen hagu na 'yan mintuna yana karya masa zuciya. Don haka idan ka tambayi mutanen nan, amsarsu ɗaya ce da ta Ɗan_Fagge.

Na_Maraɗi

Na gode Hajiya, na gode Ɗan_Zango. Amma ta yaya aka samu ɗan wasa irin wannan a kan Yuro 350,000? Kulob ɗinsa na Japan bai san darajarsa ba ne?

Malam_Tudunwada

Sun sani sarai. A kwantiraginsa da Cerezo Osaka akwai sharaɗin cewa idan ƙungiyar Turai ta neme shi za a sake shi ba tare da kuɗin ciniki ba, don haka abin da Dortmund ta biya ladan renonsa ne kawai. Shi haifaffen Kobe ne, a 1989, amma tun yana ƙaramin yaro ya tafi yankin Miyagi a arewacin ƙasar ya shiga wata makarantar ƙwallo, Cerezo kuma ta ɗauke shi a 2006 tun bai gama sakandare ba. A ƙarshen shekarar kulob ɗin ya faɗa rukuni na biyu, kuma wannan faɗuwar ta zame masa alheri, domin a can ne koci Levir Culpi ɗan Brazil ya ba shi dama, ya matsar da shi daga tsakiyar fili zuwa kusa da raga. A 2009 ya ci ƙwallo 27, ya fi kowa a rukunin, Cerezo ta hauro. Ku lura da wannan: yawancin ƙwallon da ya buga kafin Jamus a rukuni na biyu ya buga ta, kuma ko cikin 'yan wasa 23 da Japan ta kai gasar cin kofin duniya ta 2010 babu sunansa. Abin yabo a nan na masu farautar 'yan wasa na Dortmund ne.

Alƙalin_Gefe

Bari in shigo da wani ɓangare da ban ga an taɓo ba. Ina ganin tambayar ba ta Kagawa ba ce shi kaɗai, ta ƙungiyar Klopp ce baki ɗaya. Salon Dortmund na wancan lokaci shi ne a rufar wa abokin hamayya da zarar an rasa ƙwallo, a ƙwace ta kusa da ragarsa, a kai hari cikin daƙiƙu kaɗan kafin 'yan baya su koma mazauninsu. A irin wannan yanayi, ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo yana juyawa a taɓawa ɗaya, kuma Lewandowski da Błaszczykowski da Großkreutz suna gudu a gabansa, dole ya haskaka. United kuwa ta gefe take kai hari, Valencia ko Young su ja ƙwallo su kwaso ta sama. Kagawa zai miƙa gajeren fasin ya ruga yana jiran a dawo masa da ita, sai ya ga an riga an wurga ta can gefe. Na sha ganin hannunsa a ɗage yana neman ƙwallon da ba za ta zo ba.

Ku duba sauran da suka fita daga wannan gida. Nuri Şahin ya tafi Real Madrid a 2011, aka ba Liverpool aronsa, ya dawo a farkon 2013. Mario Götze ya tafi Bayern a 2013 ya dawo a 2016. Henrikh Mkhitaryan ya zo United a 2016, shekara ɗaya da rabi aka yi musayarsa da Alexis Sánchez. Kifi a ruwa yake sarki, kuma ruwan waɗannan mutane shi ne tsarin Dortmund.

Sarkin_Benci

Malam Alƙali, ka zaɓi misalan da suka dace da hujjarka ne kawai. Lewandowski daga gidan nan ya fita, haka İlkay Gündoğan da ya je Manchester City ya zama kyaftin ɗin da ya ɗaga kofi uku a 2023. Bambancin shi ne su sun je wurin da aka san yadda za a yi amfani da su. Kuma idan ka ƙara Jadon Sancho a kan Kagawa da Mkhitaryan, za ka ga mutum uku ne daga kulob ɗaya zuwa kulob ɗaya, sakamakon kuma iri ɗaya. A nan ai ba Dortmund ya kamata a tuhuma ba. Hujjata a kan Moyes kuma ita ce wasan Bayer Leverkusen a watan Nuwamba na 2013, lokacin da Van Persie ba ya nan aka sa Kagawa a bayan Rooney, United ta ci 5-0 har gidansu. Moyes ya ga wannan da idonsa, amma a watan Janairu ya je ya sayo Juan Mata a kan fam miliyan 37, wato lamba goma na uku a ƙungiya ɗaya.

Jikan_Mai_Goro

Ku yi mini afuwa, amma ni tun farko ban ɗauka don ƙwallo aka saye shi ba. Don kasuwar Asiya ne. A bazarar da Park Ji-sung ya tafi QPR, a ita ce Kagawa ya zo, kuma ba a jima ba kamfanin Yanmar, wanda shi ne tushen Cerezo Osaka, ya zama cikin masu ɗaukar nauyin United. A 2013 har Osaka suka je suka buga wasan sada zumunci da Cerezo.

Maman_Hanifa

An yi wasan, an tashi 2-2, Kagawa ya ɓarar da fenareti sannan ya ci ɗaya, Minamino kuma, yana matashi a Cerezo, ya ci United a ranar. Amma Malam Jikan_Mai_Goro, kasancewar ciniki ya kawo riba ba ya nuna cewa don ribar kaɗai aka yi shi. Irin wannan zargi aka yi wa Park lokacin da ya zo a 2005, ya shekara bakwai yana ba mutane kunya. Ɗan wasan da ya jagoranci ƙungiyar da ta tara maki 81 a Bundesliga, wanda a lokacin babu wanda ya taɓa tarawa, ba ya buƙatar fasfonsa ya nema masa aiki. Ferguson bai tashi takanas ya je Berlin don ya ƙirga riguna ba.

Sai_Masu_Gida

Wannan labari yana tuna mini da namu Ahmed Musa. Ya yi fice a CSKA Moscow, Leicester ta saye shi a 2016 a kan kuɗin da a lokacin ba ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa ba, aka rasa inda za a sa shi tsakanin Vardy da Mahrez da Okazaki, a farkon 2018 aka mayar da shi CSKA aro. Abin sha'awa ma shi ne hanyarsa ta sha haɗuwa da ta Japanawa. A VVV-Venlo ta Holan ya yi wasa da Maya Yoshida, a Moscow ya ci gasar Rasha tare da Keisuke Honda a 2013, a Leicester kuma ya tarar da Okazaki. Shi ma daga ƙarshe ya dawo Kano Pillars a 2021, kamar yadda Kagawa ya koma Cerezo.

Shugaban_Zaure

Malam Sai_Masu_Gida, kwatancen ya yi ma'ana, amma na san idan aka buɗe babin Musa da Pillars ba za mu dawo ba sai gobe. Wanda ke son wannan ya buɗe masa zare na daban. A ci gaba da maganar Kagawa.

Malam_Tudunwada

Akwai jimla ɗaya a rubutun Ɗan_Fagge na farko da kowa ya wuce ta, kuma ita ce nake ganin ba ta tsaya da ƙafafunta ba, wato cewa bai sake taka matsayinsa na da ba. Mu a nan idan ɗan wasa ya bar gasar Firimiya sai mu ɗauka ya mutu, saboda ita ce ake haska mana kowane mako. Gaskiya ne ƙarshen zamansa a Ingila ya yi muni. Wasansa na ƙarshe shi ne wanda MK Dons ta lallasa United 4-0 a ƙarƙashin sabon koci Louis van Gaal, aka fitar da shi tun kafin hutun rabin lokaci bayan ya bugu a ka, kwanaki kaɗan bayan haka kuma ya koma Dortmund. Gaskiya ne kuma kakarsa ta farko bayan komawa ba ta yi kyau ba, duk da ya ci ƙwallo a wasansa na farko da Freiburg, amma a kakar nan ƙungiyar ce gaba ɗaya ta rikice, har ta kai tana ƙarshen tebur a watan Fabrairun 2015, Klopp ya ajiye aiki a ƙarshen kaka.

Wanda ya kalli kakar 2015/16 a ƙarƙashin Thomas Tuchel, wanda ya gaji Klopp, ya ga wani Kagawa na daban. An ja da shi baya kaɗan zuwa tsakiyar fili ta hagu, kusa da Gündoğan da Julian Weigl, yana shirya wasa maimakon jiran ƙwallon ƙarshe, kuma duk da haka ya ci 9 a gasar, Dortmund ta tara maki 78. A kakar nan ya ci Schalke gida da waje, ta biyun ma ɗaga ta ya yi daga bakin da'ira ta faɗa bayan mai tsaron gida. A 2017 ya sake ɗaukar kofin Jamus. A watan Afrilu na shekarar aka tayar da bama-bamai kusa da motar 'yan wasan Dortmund suna kan hanyar zuwa wasa da Monaco, aka tilasta musu bugawa washegari, kuma yana cikin waɗanda suka ci ƙwallo a wasan da aka doke su 3-2. Ya bar Bundesliga da ƙwallo 41, ya zarce 37 na Okazaki. Wannan ba tarihin mutumin da aka kashe a 2014 ba ne.

Ɗan_Zango_Ruhr

Na shaida wannan. Abin da ya kawo ƙarshen zamansa a nan shi ne raunuka da kuma zuwan koci Lucien Favre a 2018, wanda ya mayar da Marco Reus lamba goma ya kuma buɗe wa yara irin su Sancho hanya. Babu wanda ya yi masa ihu, kawai wuri ne ya ƙare.

Alƙalin_Gefe

Idan ana neman inda shi da kansa ya yi zaɓin da za a iya tuhuma, to daga 2019 ne, ba 2012 ba. Ya je Beşiktaş aro, ya shigo daga benci a wasansa na farko da Antalyaspor ya ci ƙwallo biyu cikin 'yan mintuna, Turkawa suka rungume shi. Maimakon ya zauna, sai ya bi burinsa na buga ƙwallo a Sifaniya, har ya yarda ya sauka rukuni na biyu wurin Real Zaragoza yana da shekara 30. Suna matsayi na biyu annobar korona ta tsayar da gasa, da aka dawo suka yi ta zubar da maki, suka ƙare na uku, Elche ta fitar da su a wasannin neman haurowa. A watan Oktoba na 2020 aka soke kwantiraginsa, ya zauna wata uku babu kulob. A wannan kakar kuma Okazaki, wanda ba a taɓa kwatanta baiwarsa da ta Kagawa ba, ya ci rukunin tare da Huesca da ke maƙwabtaka da Zaragoza, ya hau La Liga. Daga nan sai PAOK ta Girka a 2021, inda bai cika shekara ba, sai Sint-Truiden ta Beljiyam a 2022, kulob ɗin da kamfanin DMM na Japan ya mallaka, wanda Tomiyasu da Endo da Kamada suka bi ta cikinsa suna hawa, shi kuma ya zo yana gangarowa.

Bazazzage77

Ban ga abin tuhuma a nan ba, Malam Alƙali. Mutumin da ya riga ya ci kofi a Jamus da Ingila, idan ya ce abin da ya rage masa shi ne ya taɓa ƙwallon Sifaniya, ya bi hanyar da ta samu. Da Zaragoza ta hau, da yanzu yabon jarumtarsa ake yi.

Ɗan_Fagge

Na gode wa kowa, musamman Malam_Tudunwada da ya tunatar da mu zamanin Tuchel. Duk da haka akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Lokacin da ya tafi United a 2012, saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare, Dortmund ta yi masa tayin sabo ya ƙi. A kakar da ta biyo baya ƙungiyar da ya bari ta fitar da Real Madrid ta kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai a Wembley, Götze da ya gaji gurbinsa ya ji rauni bai buga ba, Bayern ta ci 2-1 a mintunan ƙarshe. Da ya ƙara haƙurin shekara ɗaya, shi ne zai tsaya bayan Lewandowski a daren nan, Reus yana gefensa. Kuma da a 2013 ya tashi tafiya, Ferguson ya riga ya yi ritaya, da wataƙila bai ma nufi Manchester ba.

Baban_Khalifa

Wannan duk da-na-sani ce, ɗana, kuma babu ɗan wasa mai shekara 23 a duniya da Ferguson zai zauna da shi ya ce ina son ka, ya ce a'a. A 2012 babu wanda ya san dattijon zai tafi bayan kaka ɗaya. Ka tuna a wasan ban-kwana na Ferguson, wanda aka tashi 5-5 da West Brom, Kagawa ne ya ci ƙwallon farko, kuma a makonnin ƙarshen nan ya fara samun gindin zama. Da Ferguson ya ƙara shekara biyu, da Rooney, wanda suka samu saɓani a lokacin, ya tafi, gurbin ya koma hannun mai shi.

Sarkin_Benci

Alhaji, ai da bakinka ka dawo kan maganata. Idan a hannun Ferguson zai gyaru, to wanda ya gaje shi ne ya ɓata, kuma shi ne ya sabunta wa Rooney kwantiragi a watan Fabrairun 2014.

Baban_Khalifa

Ban dawo kan maganarka ba. Na ce da ya samu gurbin, ban ce da ya riƙe shi ba. Har yanzu ina kan bakana game da jikinsa da ƙwallon Ingila.

Maman_Hanifa

Ga wanda ke son ganin yadda ya kasance bayan Turai, ya koma Cerezo Osaka a watan Fabrairun 2023, aka sake ba shi riga mai lamba 8, wadda a kulob ɗin ake ba wanda ake ganin shi ne fuskar ƙungiya, tun daga Hiroaki Morishima da ya miƙa masa ita a karon farko. A kakar nan a tsakiyar fili can baya aka riƙa sa shi, yana karɓar ƙwallo daga 'yan baya yana rarrabawa, kusan gurbin da Van Gaal ya gwada shi a wasannin share fage a Amurka a 2014 ya ce bai gamsu ba.

Na_Maraɗi

Malam_Tudunwada, tunda kai ka kalli zamanin biyu, ina so ka fayyace mini abu ɗaya kafin a watse. Tsakanin Kagawan Klopp na 2012 da Kagawan Tuchel na 2016, wanne ne da zai fi iya zama a tsakiyar United ta wancan lokaci, kusa da Michael Carrick, tunda Scholes ya tsufa kuma a nan ne suke da giɓi ba a lamba goma ba?